Sarauniyar Barau

Rowar sani mugun hali ce, kuma ita ta kayar da Barau.

A ƙungiyar 'yan wasan ces (darar Turawa mai sarki da sarauniya) ta Gaya, wadda ke zama a rumfar Bunu tela, al'ada ce wanda ya ci wasa ya tsaya ya nuna wa wanda ya sha kaye inda ya kuskure. Barau kuwa ba ya yi. Da wuri yake fito da sarauniya, ya rutsa sarkin mutum tun bai gyara zama ba, ya kaɗe riga ya tafi.

Da aka ce mutum ɗaya za a tura gasar Kano, sai wasan ƙarshe ya faɗo tsakaninsa da Muhyiddeen, manomin Gafasa ta ƙasar Ajingi, wanda ya daɗe yana burin zuwa. Muhyiddeen bai taɓa karawa da shi ba, don haka ya bi waɗanda Barau ya lallasa. Ba wanda ya ɓoye kunyarsa. Malama Batula ta jera masa yadda aka cinye ta, tana dariya. Bunu ya ajiye almakashi ya ce, "Ɗana, kada ka firgita. Fito da dawakinka kana korar sarauniyarsa. Ita tana yawo, kai kana shiri."

Ranar wasa, Barau na tura soja sai ga sarauniya a fili.

"Mutumin Ajingi, ka bar babur a kunne," in ji shi, "ba za ka daɗe ba."

"To, Yaya Barau. Mai ya yi tsada dai."

Muhyiddeen ya fito da doki, ya tura soja ya tare sarauniyar. Ta koma gefe, ya fito da ɗaya dokin. Duk inda ta sauka, sai ya ga ai wurin da wani ya nuna masa ne. Can doki ya dira inda ya rutsa sarki da sarauniya a lokaci guda. Barau ya kau da sarki, ba yadda zai yi. Doki ya cinye sarauniya, ba a jima ba wasa ya ƙare.

Muhyiddeen bai ko yi murna ba sai da ya je ya durƙusa. "Baba Bunu, Malama, Allah Ya saka. Wasanku ne."

Barau kuwa ya rasa sarauniya, ya rasa wasan, ya rasa kujerar Kano.