Sa Hannun Malam Datti

Munzali ya kai shafi na biyu yana karantawa lokacin da Zahraddeen ya lura cewa abin da kunnensa ke ji ba ya cikin abin da idonsa ke gani. Suna ɗakin asibiti ne a hawa na biyar, a gefen gadon Malam Datti. Munzali na tsaye da takarda a hannu kamar mai huɗuba, shi kuwa Zahraddeen yana zaune yana bin rubutun a wayarsa. Sakin layi na biyar ya wuce lafiya. Daga nan sai Munzali ya shiga karanto maganar Fulanin ruga, cewa su ma duk wanda arɗonsa ya tsaya masa a ba shi lasisin bindiga kamar kowa. A wayar Zahraddeen kuwa, daga na biyar sai godiya da rufewa. Ya ja rubutun sama, ya ja ƙasa, bai ga komai ba, sai ya ce a ransa ƙila tsohon kwafi ya buɗe.

Malam Datti yana kwance ya rufe ido yana gyaɗa kai. Ko ya buɗe ma ba gani zai yi ba, ciwon suga ya cinye idon tun watan jiya, ga ƙoda ta ƙi aiki. Da aka zo wajen Fulanin sai ya ɗaga yatsa ya ce a maimaita, Munzali ya maimaita masa kalma bayan kalma.

"Alhamdulillah," in ji Malam. "Zahraddeen, tura masa signature ɗina a saka."

Zahraddeen ne ke riƙe da hoton sa hannun Malam. Duk ɗalibin da ya zo karatu da tallafin gwamnati yana da irinsa a ajiye, don fom ba ya ƙarewa: na biza, na rahoton zango, na makaranta. Tun da ido ya tafi, shi ke cike wa Malam waɗannan. Nan take ya tura wa Munzali, har yana jin daɗin an yi abin da shi.

Shi da Malam maƙwabta ne shekara uku a wani bene na unguwar Wangsa Maju, a ƙasar wajen da suka zo karatu, ƙofa na kallon ƙofa. Malam Datti malamin jami'a ne daga Zamfara, ya zo digiri na uku da furfurarsa, da matarsa Saudatu da 'yarsu Kamila. A falonsa aka kafa ƙungiyar da Zahraddeen da Munzali suke ciki, mako biyu bayan 'yan bindiga sun kashe ƙanensa a gona. Manufarta guda ce, a rubuta wa Majalisar Tarayya a nemi dokar da za ta ba mutanen ƙauye damar riƙe bindiga da lasisi. Abin da ban dariya idan ka gan su ranar Asabar a shagon mamak, wato na shayi da abinci, na ƙasan bene, maza goma sha biyar waɗanda babu wanda ya taɓa ɗaukar abin da ya fi kwamfuta nauyi, suna ta jijiyar wuya a kan bindiga, a ƙasar da ko harsashi ɗaya aka gan ka da shi ka shiga uku. Amma babu mai dariya a cikinsu, kowa yana da wanda aka kashe masa ko aka sace.

Sun yi wata takwas suna gardama. Wasu suka ce kowane magidanci a ba shi, wasu suka ce a'a, sai 'yan sa-kai masu rajista. Wannan duk an sasanta. Wanda ya gagara shi ne sakin layi na shida, na Malam Datti. Mahaifiyarsa Bafullatana ce, kawunnansa suna ruga har yanzu, kuma su ma an kore musu shanu, an kashe musu yara biyu. Kullum maganarsa ita ce idan aka ba ƙauye bindiga aka hana ruga, to ba dokar kare kai aka nema ba, izinin farauta aka nema. Ranar da aka yi ƙuri'a ya ci da mutum ɗaya, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa idan aka taɓa layin nan a cire sunansa.

Da suka fito daga ɗakin, Munzali ya tsaya amsa waya, Zahraddeen ya jingina da bango ya buɗe tarihin gyare-gyaren takardar. Ai 'yan digiri na uku ne, komai a kan takardar haɗin gwiwa suke rubutawa, wadda ke ajiye sunan duk wanda ya taɓa ko da waƙafi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. An goge sakin layi na shida ranar Litinin da ƙarfe goma na safe, lokacin Malam yana kan injin wankin ƙoda, kuma Munzali ne ya goge. Wanda ya buga ya zo da shi asibiti shi ne tsohon kwafin.

Zahraddeen ya bari sai da suka sauka wajen jiran mota. Nan ya miƙa masa wayar. Munzali ya duba, bai ko yi ƙoƙarin musu ba.

"Exco ne suka yi deciding," ya ce. "Da layin nan a ciki babu mai signing a gida, ka fi kowa sani. Ka je ka gaya wa mutanenmu a ba ruga licence, ka ga ko za ka fito da ranka."

"To ku cire sunansa mana. Haka ya ce."

"Sunansa ne takardar, Deeni. Shi ya fara, ƙanensa aka kashe, shi mutane suka sani. Mutumin nan kwana nawa ya rage masa? Ka bar shi ya tafi da farin cikinsa mana."

Ya ƙara da cewa ƙanwarsa ta yi kwana sittin da ɗaya a daji, kuma waɗanda suka riƙe ta ba da Larabci suke magana ba. Zahraddeen ya san labarin, shi ya raka shi masallaci ranar da aka sako ta. Amma abin da ya tsaya masa a wuya daban ne. An zaunar da shi a gefen gadon ya zama shaida, an kuma karɓi sa hannun ta hannunsa, don Malam ba zai taɓa zargin abin da ya bi ta wajen Zahraddeen ba. Ya ji an ci amanarsa, an kuma ci ta Malam da hannunsa. Motar Munzali ta zo, ya ce ya shigo su tafi tare, Zahraddeen ya ce zai bi jirgin ƙasa.

Washegari ya koma asibiti da niyyar ya faɗa. A jirgi ma ya shirya yadda zai fara. Sai ya tarar da Malam a zaune an jingina shi da filo, Saudatu tana ba shi kunun gyaɗa da cokali, yana sha. Ta ce rabonsa da cin wani abu na kirki kwana huɗu, amma tun jiya sai surutu yake kamar wanda aka ce gobe za a sallama. Har ya sa ta kira ɗan kawunsa a waya, an haɗa shi da tsohon kawun nasa, ya yi masa albishir da Fillanci cewa an saka su a takardar.

"Ka ga Munzali?" in ji Malam. "Na ɗauka yaron nan ba zai sauko ba. Na yi masa mummunan zato, Allah ya yafe mini. Idan ka gan shi ka ce na gode."

Zahraddeen ya ce to. Ya kalli cokalin yana zuwa yana dawowa, ya ce a ransa bari ya gama shan kunun. Da ya gama sai barci ya ɗauke shi. Ya ce to gobe, kafin nan zai matsa wa Munzali ya mayar da layin ko ya cire sunan. Yana kan hanyar gida ya ga takardar ta fita, ana ta turawa daga wannan zauren hira na waya zuwa wancan, sunan Malam Datti a sama, sa hannunsa a ƙasa, da ɗan lanƙwasar nan da yake yi a ƙarshen harafi.

Goben ba ta yi amfani ba. Jikin ya rikice da safe, aka mayar da shi ɗakin da ba a barin kowa shiga sai matarsa. Ranar Alhamis bayan azahar ya cika.

An yi masa sutura a masallacin unguwa, aka binne shi a nan, don ya bar wasiyya kada a wahalar da kowa da kai gawa gida. 'Yan ƙasar da suke sallah tare da shi sun zo da yawa, har da mai shagon mamak ɗin da suka dame shi da hayaniya. A wajen zaman gaisuwa Munzali ya miƙe ya yi magana, ya ce Malam bai bar duniya ba sai da ya ga aikinsa ya kammala, da kunnensa ya ji, da bakinsa ya ce a sa hannu, ga Zahraddeen nan shaida. Kawuna suka juyo. Zahraddeen ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, ya tsani Munzali a lokacin, ya kuma tsani kansa fiye da haka.

Rana ta uku da la'asar, mutane sun ragu, Kamila ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ta ce Mama na kira. Saudatu tana zaune a bayan labule cikin mayafin takaba, ta turo masa wayar Malam ta ƙasa. Ta ce saƙo ne daga ruga, ta saurara, amma shi ya san kan takardun.

Muryar tsoho ce, Hausarsa da nauyin Fillanci, ana jin kukan maraƙi a bayansa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a. Sannan ya ce Datti ya gaya masa an rubuta su a takardar da za a kai wa manya, shi kuma ya tara mutanen rugage huɗu ya faɗa musu, wasu ba su yarda ba. Yana roƙo a turo takardar a wayar ɗansa, yaron ya yi makaranta, ya karanta musu wurin da aka ambace su kowa ya ji da kunnensa.

"Ka tura musu don Allah, Malam Zahraddeen," in ji Saudatu. "Ya so mutanen nan."

Ya fito barandar da ke tsakanin ƙofofin biyu ya tsaya. Takardun duka biyun suna wayarsa, tsohuwar mai sakin layi shida da wadda ta fita duniya. Idan ya tura tsohuwar, za a karanta a ruga a yi murna, a sa wa Malam albarka, babu kuma mai zuwa ya bincika. Ya san yadda ake yi, ya ga an yi a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya kwafe lambar yaron, ya tura wadda ta fita, ya rubuta a ƙasa cewa Malam bai san an cire su ba, shi Zahraddeen ne ya ba da sa hannun.

Can gida hantsi ne yanzu, mutanen rugar suna can a tare. Alamar saƙon ta nuna an buɗe. Bayan ɗan lokaci wayar ta nuna yaron yana naɗar murya, sai ya daina. Ya sake farawa, ya sake dainawa. Zahraddeen ya zauna a kan matakalar bene, kusa da takalman 'yan gaisuwar da suka rage, ya ɗora wayar a gwiwarsa yana jira.