Ɗinkin Surayya a Hannun Inna

Saniyar da ta tsage wa Inna hannu da ƙaho ita ce wadda Inna ta fi shagwaɓawa a garke. Ni na goya Inna a babur daga rugarmu ta bayan Adabka, jini na zuba, ita kuma sai kare saniya take yi, wai ƙuda ne ya dame ta.

A ƙaramin asibitin garin muka tarar da ƙanwata Surayya, wadda ba ta daɗe da fara aikin jinya ba. Ta wanke ciwon, ta yi allurar kashe zafi, ta ɗauko wani baƙin zare mai santsi kamar na fatsa. Ta ce nailan ne, sili ɗaya, ba ya jiƙa, datti ba ya samun maƙalewa, kuma jiki ba ya cinye shi. Saboda haka in fata ta haɗe sai a dawo a cire. Ina kallon yadda take ƙulla shi hannunta ko rawa, wallahi kaina ya yi girma.

Inna dai rabin bayanin ta ɗauka. Matar da ta shekara arba'in tana ɗinke ƙoren nono, a wurinta ɗinki in ya yi kyau barin sa ake yi. Ranar kasuwa kuwa ba mai sayen nono sai ya ga hannun nan tukuna.

Lokacin cirewa ya wuce, bakin ƙullin ya fara ja yana kumbura, tatsa ta soma gagarar ta. Na tsorata, na kira Surayya. Ta iso da almakashi a jaka, ranta a ɓace.

"Inna, miƙo hannun."

"Ba ni miƙawa. Wa kit taɓa gani ya kwance ɗinki mai kyau?"

"In ya ƙara kwana zai yi ruwa. Hannun da kike tatsa da shi ne fa."

Inna ta ce a hankali, "In kin hidda shi, mi zan gwada ma mutane? Sun ce karatunki ɓata lokaci na."

Nan fushin Surayya ya sauka. Ta durƙusa, ta kama hannun, ta riƙa datse ƙulli tana zare shi ɗaya bayan ɗaya. Inna ta kau da kai har aka gama.

Kafin kaka tabon ya kwanta, sai ka ƙura ido kake ganin sa. Wata safiya goggonmu Zulai, wadda ta fi kowa surutu a kan karatun Surayya, ta shigo gaisuwa. Inna ta ajiye ƙwaryar da ta cika da nono, ta miƙa mata hannu.

"Zulai, biɗo min inda saniya tat tsage ni."

Goggo ta juya hannun, ta sake juyawa, ta kai shi hasken rana.

"Yi a hankali," in ji Inna. "Ba ni da sauri."