Tirelar Kujeru a Kan Gada

Juwairiyya Maitama injiniya ce a wata hukumar hanyoyi a jihar Maryland ta Amurka, a sashen karɓar kuɗin hanya. Ba irin tolget ɗin da aka sani a gida ba ne, inda direba zai tsaya ya miƙa hannu ta taga. Nan wata 'yar na'ura ce kamar sabulun wanka ake mannawa a gilashin gaba, mota ta wuce ƙarƙashin wani ƙarfe mai kyamarori, shi ke nan an san ta wuce. Hukumomin suna da yawa, kowace da hanyoyinta da gadojinta, amma sun yi yarjejeniya na'ura ɗaya ta yi aiki ko'ina. Aikin Juwairiyya shi ne ta tabbatar kwamfutocinsu suna jin maganar juna.

A bazarar nan wata ƙaramar hukuma mai gada ɗaya tak a kan kogi, can kudu, ta nemi shiga tsarin, aka ɗora wa Juwairiyya jagorantar gwajin. Mai kula da na'urorin gadar wata dattijuwa ce mai suna Linda, wadda ta tsufa a wajen, kuma ba ta son 'yan manyan hukumomi su zo suna nuna mata yadda ake aiki. Ita da Juwairiyya sun sha taro ta bidiyo, ba su taɓa faɗa ba, ba su kuma taɓa dariya tare ba.

An sa ranar Asabar a rufe layi ɗaya na gadar a yi gwajin ƙarshe da motoci iri-iri. Ranar Juma'a da rana kamfanin da zai ba su hayar mota mai jan 'yar tirela ya kira ya ce motar ta lalace. Juwairiyya ta koma gida Hyattsville ranta a ɓace, domin idan aka ɗaga gwajin sai an sake neman izinin rufe layi, abin da zai ci makonni.

Mijinta Fatihu ne ya ce, "Me zai hana ki kira Alhaji Baharudeen? Ai tirelarsa kullum tana bayan motarsa."

Alhaji Baharudeen mutumin Kumasi ne, yana ba da hayar kujeru da rumfuna, kuma da wuya a yi suna ko walima a yankin ba a ga farar motarsa a ƙofar gida ba. Juwairiyya ta fara kiran shugabanta a ofis, ya tambayi inshora da takardun mota, ya amince. Sannan ta kira Alhaji, suka gaisa, ta yi masa bayani.

"Wato in hau gada in sauka, in sake hawa?" ya tambaya da Hausarsa ta Kumasi.

"Haka ne, Alhaji. Sau da yawa ma."

"To, ba komai, ɗiyata. Amma kujeru suna ciki, da yamma zan kai su garin Clinton, akwai suna."

Mahaifiyar Juwairiyya, Hajiya Talatu, tana zaune a falo tana jin su. Ta zo daga Kano tun kafin azumi, kuma ban da masallaci da kantin kayan miya ba ta je ko'ina ba. Ta ajiye carbinta ta ce, "Gobe da ni za a tafi."

"Umma, aiki ne fa, ba yawo ba. Rana za ki sha."

"Na sha ranar da ta fi ta garin nan. Fatihu yana wurin aikinsa a asibiti gobe, ke kina gada, ni in zauna ina kallon bango?"

Juwairiyya ta san in Umma ta yi irin wannan maganar an gama.

Da safe suka kama hanya, Alhaji yana biye da su. Gari ya yi ta raguwa har suka shiga gonaki da dazuzzuka, Hajiya tana ta tambayar me aka shuka a nan, me aka shuka a can. Da suka isa, Linda tana tsaye a bakin ɗan ofishin gadar da kofin shayi a hannu. Ta dubi farar motar mai hoton rumfa a jikinta, ta dubi tsohuwar da ta fito da mayafi da kwandon abinci. Juwairiyya ta gabatar da su, ta nemi afuwa, ta ce mahaifiyarta za ta zauna a ofis. Hajiya ta tambayi me aka ce, da aka fassara mata ta girgiza kai, ta nuna motar Alhaji. Linda ta shiga ciki ta fito da rigar ma'aikatan hanya mai ruwan lemo, ta miƙa mata.

"Ki gaya mata duk wanda zai hau layin nan sai ya sa wannan," in ji Linda.

Hajiya ta zura rigar a kan mayafinta, ta gyara zama a kujerar baya.

Ƙananan motoci suka wuce lafiya. Kowace ta bayyana a allon Linda, bayan ɗan lokaci ta bayyana a kwamfutar Juwairiyya, alamar saƙon ya isa hukumarsu. Sai aka zo kan Alhaji. Ya wuce a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, allon Linda ya nuna motoci biyu: ɗaya mai na'ura, ɗaya babu. Tirelar ce aka ɗauka wata mota daban. A ɓangaren Juwairiyya kuwa kwamfuta ta ƙi karɓar saƙon gaba ɗaya.

Aka ce ya sake, da ɗan sauri. Haka dai. Ya sake, haka dai.

"Na'urorina lafiyarsu ƙalau," in ji Linda, tana kallon allo. "An duba su satin da ya wuce."

"Na yarda," Juwairiyya ta ce. "Namu ma ba su da matsala."

Juwairiyya ta fita ta je ta tsuguna a bayan motar Alhaji. Ƙarfen da ya haɗa motar da tirelar dogo ne, kuma siriri. Ta dawo ta buɗe yarjejeniyar hukumomin, ta karanta inda aka yi maganar tirela. An faɗi yadda za a ƙirga tayoyi, amma ba a faɗi iya tazarar da za a bari kafin a ce wannan wata mota ce ba. Kowace hukuma ta zaɓi tata, kuma ta Linda gajeriya ce, domin a gadarta motoci kan matsu da juna da safe.

Juwairiyya ta tuna Desmond, takwaranta a wata hukuma a jihar Virginia, wanda hanyoyinsu ke cike da masu jan kwale-kwale. Ta kira shi ta sa a lasifika. Hayaniya ce a bayansa, yana filin ƙwallon 'yarsa.

"Mun sha wannan wahalar," ya ce yana dariya. "Kada ku ƙara tazarar kawai, za ku haɗe motoci biyu su zama ɗaya. Ku sa na'urar ta nemi ƙarfen da ke tsakani. Bari a tafi hutun rabin lokaci in turo muku yadda muka saita namu."

Ya turo. Linda ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau.

"In na taɓa wannan, rahoto zai ce gadarmu ce ta faɗi gwaji har sai da Virginia ta gyara mana. Shugabannina da ma rabinsu ba sa son shiga tsarin nan."

Juwairiyya ta fahimci inda gizo ke saƙa. Ta ce, "Abin da ya faru zan rubuta. Yarjejeniya ce ta bar giɓi, a gadarki aka gano shi. Zan kai wa kwamiti a gyara wa kowa, kuma ina so sunanki ya fito tare da nawa da na Desmond."

Linda ta mayar da tabaraunta. Sannan ta ɗauki waya ta fita neman izinin shugabanninta.

Juwairiyya ta leƙa wajen su Umma don ta ba su haƙuri, ta tarar ba su ma san an tsaya ba. An buɗe ƙofar mota ta ɓangaren kogi, iska tana shigowa, hira ta yi nisa. Ashe kakan Hajiya fatauci ya yi zuwa Gwanja, kakan Alhaji kuma a ayarin goro ya bar Katsina bai koma ba. Suna ta jero sunayen zango-zango, wanda ɗaya ya manta ɗayan ya tuna.

"Kakana ya ce kowane kogi da mai fitonsa, kowane gari da mai karɓar harajinsa," in ji Hajiya. "Sai ka sauke kaya, a yi ciniki, a kwana. Ke yanzu naku ba a ko tsayawa?"

"In ya yi aiki, Umma."

"Zai yi. Ki ce wa matar nan ta zo ta ci abinci, tun safe shayi take sha."

Linda ta dawo da izini. Ta zauna ta shigar da saitin da hannunta, Juwairiyya tana gefe tana karanto mata. Alhaji ya tayar da mota ya zagayo. Mota ɗaya ta fito a allo, da tirelarta. Suka juya ga kwamfutar Juwairiyya, saƙon ya shigo, ya zauna. Suka sa shi ya wuce da gudu, ya wuce a hankali, suka sa ƙaramar mota ta manne masa a baya, allon ya raba su daidai.

Linda ta jingina da kujera ta sauke numfashi. "Mahaifiyarki tana ɗaga wa kyamara hannu duk wucewa," ta ce. "Zo ki gani."

Juwairiyya ta duba hotunan. Ga Umma nan a taga, da rigar lemo, hannu a sama. Suka yi dariya har wani ma'aikaci da ke waje ya leƙo.

A inuwar ofishin suka ci abinci. Hajiya ta kawo dambun nama da funkaso, ta cika wa Linda faranti, ta tsaya a kanta har ta ɗanɗana. Yaji ya kama Linda, ta sha ruwa, ta ƙara ɗiba. Ragowar kuwa, Hajiya ta ɗaure mata a leda.

La'asar ta kusa lokacin da aka buɗe layin. Alhaji ya dubi agogo ya ce masu suna za su fara nemansa, Juwairiyya ta ce laifinta ne, don haka za su bi shi su taya shi saukewa. A Clinton suka tarar da gida cike da mata, matar Alhaji, Hajiya Bariatu, tana kan tukwane a bayan gida. Kafin a gama jera kujeru an ja Hajiya Talatu ciki, an ɗora mata jaririya a cinya, tana yi mata addu'a.

Wayar Juwairiyya ta yi ƙara. Linda ce ta rubuto, tana tambaya ko za su iya magana ranar Litinin a kan babura, domin tana ganin nan ma yarjejeniyar ba ta fayyace ba, kuma ko za a saka Desmond. Juwairiyya ta amsa cewa ƙarfe goma ya yi mata. Ta sa wayar a jaka, ta wanke hannu, ta je ta karɓi farantin shinkafa da wake da Hajiya Bariatu ke miƙo mata.