Babu Mai Karɓar Gogen Ashafa

Ka san Ashafa Mai Goge na Paki, kada ka yi mini musu. Ka gan shi ranar kasuwar Makarfi yana tafe da gogensa a cikin buhun taki, ka sunkuyar da kai kana latsa waya har ya wuce. To ga abin da ya same shi bayan ka kau da kai.

Tun yana ɗan saurayi Ashafa yake goge, har furfura ta rufe shi. Ya koyar da mutane da yawa. Wasu sun rasu, wasu sun ce sun tuba, ɗaya ya sayi manyan sifiku yana saka wa 'yan biki waƙar waya. Ukasha kaɗai ya rage, ɗan acaba mai mata da 'ya'ya biyu, wanda kullum la'asar yake jingine babur ya zauna gabansa. Ashafa ya koya masa ɗaura tsagiyar doki, da shafa mata ƙaro, da shanya fatar goge in damina ta sake ta. Ya sha buge masa yatsu, har hannun ya faɗa.

A gidan su Ashafa malami ba ya miƙa wa ɗalibi goge hannu da hannu. Sai an tara jama'a, ɗalibi ya yi kiɗa, sannan wani daga cikin masu kallo, wanda ba dangi ba, ya fito ya karɓi gogen daga hannun malami ya ɗora a hannun ɗalibi. Gari ya ji, gari ya yarda ke nan. Wanda ba a yi wa wannan yaye ba, ba ya kiɗa a gaban mutane.

"Baba," in ji Ukasha, "in aka gama shigar da dawa ba a yaye ni ba, Kaduna zan tafi. Yayan matata ya samo mini keke mai ƙafa uku."

Ashafa ya kwana da maganar a ransa, ga tsufa ya kama shi. Washegari ya hau mota zuwa Likoro, wurin Gambo mai shagon taki, abokinsa tun na ƙuruciya. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gona da lafiyar gwiwa.

"Gambo, alfarma na zo nema."

"Alhaji Gambo."

"To, Alhaji Gambo. Ni dai na san wani Gambo da ya yi rawa a gabana har wando ya yage."

"Allah ya yafe mana wauta. Me kake so?"

"Ka zo ka karɓi goge ka ba yarona. Ba wani aiki ba ne."

Gambo ya waiga hagu da dama. "Ashafa, ina sahun gaba a masallaci. Kana so a ce an gan ni riƙe da kayan bori?"

"Yaushe rabona da gidan bori? Kiɗan noma da na biki nake yi, ka fi kowa sani."

"Ni na sani. Mutane fa?"

Daga can cikin shagon, a bayan buhuna, wata 'yar rediyo tana kiɗa ƙasa-ƙasa. Ashafa ya kasa kunne. Gogensa ne, wani taken manoma da aka ɗauka a wani biki a Kudan.

"Wannan kuma wa'azin wane malami ne, Alhaji?"

Gambo ya tashi ya kashe rediyon, bai dawo ba.

Duk da haka Ashafa ya sa aka yi shela. Ranar Asabar bayan la'asar suka zauna a masussukar bayan gari, ƙaiƙayi na tashi. Jama'a kuwa sun zo, har da na Janfalan. Sai dai sun tsaya can nesa, gindin ɗorawa, kamar masu kallon gobara. Ukasha ya ja baka a kan tsagiya, gogen ya yi kuka. Ashafa ya rufe ido yana neman kuskure, bai samu ba. Da ya buɗe, sai ya ga kawuna na kaɗawa, samari duk sun ɗaga waya suna ɗauka.

Kiɗa ya tsaya. Ashafa ya karɓi gogen, ya miƙe, ya ɗaga shi da hannu biyu wajen jama'a.

Ba wanda ya fito. Wani ya yi dariya. Wani ya ce, "Tsoho, ka rataye shi a ƙusa mana!"

Sai ga Indo mai ƙosai ta ajiye faranti, ta gyara mayafi, ta taho tana ɗingishi. Ta kusa rabin fili ɗanta Bilya ya sha gabanta.

"Inna, ina za ki?"

"Sake ni. Da kiɗan nan aka kai ni gidan ubanka."

"Gobe ni za a nuna da baki, ba ke ba. Mu je gida."

Ya ja ta, tana waige.

Ashafa dai bai sauke gogen ba. Ukasha ya matso ya ce a hankali, "Baba, ba ni kawai. Wa zai sani?"

"Ga su can. Duk sun sani."

Sai da aka kira magariba jama'a suka watse, kowa da kiɗan a aljihunsa. Ashafa ya mayar da gogen cikin buhu. Ukasha ya goya tsohon a babur har gida.

Dawar Ukasha tana nan a tsaye, amma ta nuna, yankanta ya kusa. Ashafa ya ce zai sake fitowa Asabar mai zuwa, a masussukar nan, bayan la'asar. Ba malami ake nema ba, ba mai sarauta ba. Mutum ɗaya ake nema mai hannu biyu, wanda ba ya tsoron bakin maƙwabcinsa. Ka tashi ka je Paki, ka ratsa filin nan a gaban kowa, ka karɓi gogen ka ba Ukasha.