An Yi wa Baba Makoki a Shiraz

Har gobe in aka tayar da maganar nan a gidanmu, ni ake nunawa da baki. Wai Sadiƙa ce ta kashe Baba a waya. To ni ban kashe kowa ba. Duk mai ganin zai iya abin da na kasa, ga waya nan, ya ɗauka ya kira yayansa ya faɗa masa abin da ke cikin wandon ubansu, mu gani.

Babanmu Alhaji Sulaimanu atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, a rumfar da ya gada wurin kakanmu. Mutum ne da ba ya yarda wani ya ɗaga masa dila yana tsaye yana kallo, kuma ɗaga dilar ce ta jawo masa. Wani kumburi ya sauko masa ƙasan mara, irin ciwon nan na maza da ke sa mutum ya koma wurin tela a ƙara masa faɗin wando, ya riƙa tafiya kamar mai tsallake kwata. Kowa a gidan ya gani, amma ba mai cewa ya gani. Innarmu, Hajiya Fadimatu, in abin ya ishe ta sai ta ce, "Babanku dai nauyi ya sauko masa." Shi kuwa in ka yi masa sannu, sai ya ce sannun me, ɗan sanyin kogin Binuwai ne. Sanyi fa, a Garwa, a watan da ko ƙadangare ke neman inuwa!

Da ƙyar da siɗin goshi muka samu ya je asibiti. Ya tarar likitar mace ce, yarinya sa'ata. Ta tambaye shi da Faransanci ina ke masa ciwo, ya dubi rufin ɗaki ya ce jiki ne dai gaba ɗaya. Ta sake tambaya da Fillanci, ya ce seɗɗa seɗɗa ne, kaɗan-kaɗan. Ya dawo mana gida da maganin tari.

Maƙwabciyarmu Jeannette, wadda take aikin jinya, ita ta tare ni a bakin famfo.

"Sadiƙa, abin da ke damun Papa sunansa hernie," in ji ta, kamar mai kiran sunan tumatir. "In an yi aiki da wuri, ƙaramin abu ne. Amma ranar da hanji ya maƙale a ciki, ba a jiran gobe. Mutum na iya tafiya."

"To ki gaya masa mana!"

"Na gwada. Ina buɗe baki ya tambaye ni lafiyar mijina Robert, ya miƙo mini turmin atamfa, ya ce in gaida gida."

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ba a jima ba, wata rana da tsakar rana aka kawo Baba a babur yana haɗa gumi, ya dunƙule a gado, ya yi ta amai. Zuwa la'asar abin ya lafa, ya tashi yana faɗan wa ya ce a rufe masa rumfa. Ni kam na tsorata, wallahi na tsorata. Na ce mutum ɗaya ne a duniya zai iya da Baba, shi ne ɗansa na fari, Yaya Mahfuzu, wanda ya yi shekaru a ƙasar Iran yana karatun likita a birnin Shiraz.

Na shiga ɗaki na kira shi. Na shirya maganata tsaf, na ce zan faɗa da Faransanci yadda Jeannette ta faɗa, ai ba kunya a harshen wasu. Ina jin muryarsa, harshena ya yi nauyi. Yayana ne fa, wanda ko kallon tsakiyar idonsa ba na yi.

"Yaya, Baba ne dai. Jikin nasa sai a hankali."

"Me ya same shi?"

"Abin ba ya faɗuwa a waya."

Sai ya ce, da wata ƙaramar murya, "Sadiƙa, in zo ne?"

"Da ka zo da ya fi."

To ku gaya mini, ina ƙarya a nan?

Washegari ya sake kira ya ce a ba shi Baba. Ranar kuwa Baba ya tara malamai a zaure suna yi masa karatu a kan sanyin nasa, gida ya cika da sautin tilawa. Na kai masa waya, ya ga sunan mai kira, ya san tambayar likita zai sha, sai ya kaɗa hannu ya juya fuska bango. Na ce, "Yaya, Baba ba zai iya magana ba yanzu." Ya ce a ba shi Inna. Inna kuwa, kun san uwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya hira da shi a kan marar ubansa. Ta karɓi wayar da yatsu biyu ta ce, "Sai haƙuri. Allah ya kawo ka lafiya," ta miƙo mini ta shige madafa. Daga nan ba mu sake samunsa ba, wayarsa a kashe.

Bayan 'yan kwanaki, da azahar, Baba na zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ranar jikin da sauƙi, Inna ta soya masa giwan ruwa da yaji, yana ci yana tsotsar ƙaya yana sauraren rediyo. Sai muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Wani mutum ya shigo ba ko sallama, baƙar riga, baƙin wando, gemu buzu-buzu, idanu sun kumbura sun yi ja. Ya rungume wani kwano a ƙirji. Sai da na duba da kyau na gane Yaya Mahfuzu ne.

Ya yi taku kaɗan, idonsa ya faɗa kan Baba. Kwanon ya suɓuce. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ya zube a ƙasa zaune.

Baba ya tsaya da ƙaya a baki. "Kai, lafiya? Wa ya mutu?"

"Kai ne, Baba!"

"Ni? Yaushe?"

Inna ta fito da ludayi a hannu tana salati. Ni na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Yaya ya rarrafa ya kama ƙafar Baba yana shafawa, yana taɓa hannunsa, yana taɓa gemunsa, Baba na cewa, "Kai sake ni, hannuna da mai."

Sai da ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa muka ji yadda aka yi. Ashe bayan mun gama waya, ya je ya gaya wa abokinsa Behruz, wanda a gidan iyayensa Yaya yake haya. Behruz ya sa ya maimaita masa maganata kalma-kalma da Farisanci, sannan ya kira tsohuwarsa, ita ma ta saurara. Suka dubi juna. Tsohuwar ta fara share hawaye da gefen gyalenta.

"Su a can," in ji Yaya, "ba kasafai ake gaya wa wanda ke nesa labarin mutuwa kai tsaye ba. Sai a ce jikin ya ɗan matsa, ka taho. In ka nemi magana da shi a ce yana hutawa. Kowa ya san ma'anar, ba mai furtawa. Ko a gabanka ne ma, ba za su ce wane ya mutu ba, sai su ce ya bar maka sauran kwanakinsa. Ni kuma na zauna da su har na saba. Da na ji an hana ni Baba, ga karatu na tashi a gida, ga Inna na ba ni haƙuri, me ya rage?"

"To da ka tambaye ni mana!" na ce. Raina ya fara ɓaci, don na ga inda maganar ta dosa. "Da ka ce, Sadiƙa, Baba ya rasu ne? Sai in ce a'a, yana nan yana faɗa da kowa."

"Bakina ya kasa. Ke me ya hana ki faɗa mini ciwon?"

"Nawa bakin ma ya kasa. Naka ne baki, nawa ba baki ba?"

Baba dai bai kula mu ba, hankalinsa na kan kwanon da ya faɗi. Na ɗauko na buɗe. Wata alewa ce ta gari da mai, launin ƙasa-ƙasa, tana ƙamshin furen wardi. Yaya ya ce tsohuwar Behruz ce ta tuƙa, irin wadda suke rabawa in an yi rashi, ta ce a kawo wa Inna. Baba ya sa yatsa ya lasa, ya gyaɗa kai.

"Wannan ta sadakata ce ke nan? Ba laifi. Sun iya."

Daga nan Yaya ya ciro waya ya nuna mana. Kafin ya taso, maƙwabta da 'yan ajinsu sun taru a falon gidan su Behruz, kowa da baƙaƙen kaya, ana karatu. Ga tiren dabino, ga kofunan shayi, ga hoton Baba an ɗora a tebur da baƙin ƙyalle a kusurwa. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya daɗe yana kallo.

"Duk hotunana a rasa wanda za a sa sai na katin ɗan ƙasa? Dubi hular nan. Kai ba ka da na ranar Sallah?" Ya ƙara matso da wayar. "Wannan mai ƙaton gashin bakin da ke kuka, ya san ni ne?"

"Mai gidan burodin unguwarmu ne, Baba. Bai san ka ba."

"Allah sarki. Allah ya yi masa albarka. Ko a Garwa ban da tabbacin samun mai yi mini irin wannan kuka."

Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Baba ya ji daɗin mutanen nan ƙwarai, ya sa Yaya ya ƙara masa labarinsu. Yaya ya ce in za su ambaci wani abin ƙyama kamar amai ko gudawa, sai sun fara cewa ruwan wardi a fuskarka. In za su ambaci wata cuta ko masifa, sai su ce nesa da ranka. Dattawansu na da, wasu ko sunan matarsu ba sa kamawa a gaban baƙo, sai su ce gida, ko uwar yara.

"Ka ji mutanen kirki!" in ji Baba, yana duban Inna. "Ashe 'yan'uwanmu ne. Mutane masu kunya, masu sanin abin da ake faɗa da wanda ake bari a ciki. Ba irin su Jeannette ba."

Ya yi dariya, dariyar ta taɓo masa wurin. Na ga fuskarsa ta yamutse, hannunsa ya tafi ƙasan riga, ya yi maza ya mayar da shi kan kwanon kifi kamar ba komai. Yaya ma ya gani. Shi bai yi dariya ba tun ɗazu.

"Baba, me ke damunka?"

"Sanyi ne. Ka ci kifi."

"Baba." Yaya ya matso kusa da shi. "Na baro Shiraz ina maraya. A jirgi na yi ta tunanin wa ya yi maka wanka, wa ya sa ka a kabari ba ni ba. Daga garin Ngaundere zuwa nan ina cikin mota ina tuna duk maganar da ban gaya maka ba. Na riga na binne ka sau ɗaya, Baba, na san yadda abin yake. Wallahi ba zan sake ba a kan kalma ɗaya da kowa a gidan nan ya sani. Ni ɗanka ne, kuma likita nake zama. Ka faɗa mini sunansa."

Rediyo na ta surutunsa da Fillanci. Na miƙe zan ba su wuri, Inna ma ta juya. Baba ya ce, "Ku zauna."

Ya kashe rediyon. Ya wanke hannu a kwanon ruwa, ya goge a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya dubi ɗansa, da baƙar rigar da ta sha ƙurar hanya, da idanun nan da suka kumbura saboda shi.

"Yaya suke cewa? Ruwan wardi a fuskarku." Ya gyara zama. "Gwaiwa ce. Ta daɗe, kuma tana ci na. Tsoro nake ji, Mahfuzu."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta tashi ba. Ni kuwa hawaye suka zubo mini, don tunda nake ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba.

"Sadiƙa," ya ce, "leƙa ki kira mini Jeannette, ta gaya mana wurin wa za mu."

Ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya ya kama shi, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa. Baba ya tashi a hankali, yana nishi, yana cije leɓe a gabanmu duka, bai ce sanyi ne ba.