Makullan Gidan Yaya

Tun ranar da lauya ta miƙa wa kafinta makullan gidan yayansa marigayi, ta ce masa shi ne wasiyyi, abinci ya daina yi masa daɗi. A fahimtarsa, wanda aka ba makulli shi aka ba gida. 'Ya'yan marigayin ma haka suka ɗauka. Babbarsu, wadda ya sha ɗauka a kafaɗa tana ƙarama, ta koma gaishe shi a tsaitsaye kamar an sa ta dole.

Shi kuwa kafinta ba ya tambaya. Gara ya ɓata katako da ya ce bai gane ba. Sai ya jefa makullan cikin gwangwanin ƙusoshi, ya yi ta cin rai shi kaɗai, yana goge ƙofar mutane har ta kusa hujewa. Tsoronsa ɗaya, kada ya rasa yaran nan a kan ginin da bai taɓa nema ba.

Da abin ya ishe shi, ya kira 'yar ya ce ta raka shi ofishin lauyar. Suna shiga ya dire makullan a kan tebur, duk sun yi buɗu-buɗu da garin katako, ya ce shi ya yafe, a ba marayu gidansu.

Lauyar ta cire tabarau ta dube shi. "Baba, me za ka yafe? Ai ba a ba ka komai ba."

Ta yi musu bayani a hankali. Magada su ne 'ya'yan da mahaifiyarsu, gida nasu ne. Wasiyyi kuwa ɗan aike ne kawai: shi zai tattara abin da aka bari, ya yi zirga-zirgar ofisoshi, ya tabbatar kowa ya karɓi rabonsa. Ko cokali bai gada ba.

Ya sake tambaya ko da gaske take, ta ce da gaske. Bai taɓa jin daɗin rashi irin na ranar ba.

'Yar ta sunkuyar da kai, kunya ta rufe ta. "Baffa, ka yi haƙuri. Mun yi maka mummunan zato."

Ya yi dariya har da ƙwalla, yana sharewa da bayan hannu.

"Ba komai, 'yata. Halin ubanki ne. Tun muna yara yake aikena, ga shi ya mutu bai daina ba."