Gishirin Marmaron Bad Solmede

…lami. A'a, bari in sake kurɓa. Lami ne. Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe ɗakin marmaron nan ƙarfe shida na safe, in tara kofi, gishiri da tsatsa su kama mini harshe. Yau kamar ruwan famfo. Kwana tara ke nan, Irmtraud matata, ban gaya wa kowa ba. Da kina raye, ke ce farkon ji.

Ranar Alhamis masu bincike za su zo daga jiha su gwada ruwan. In ruwan ya salance su karɓe takardar shaidar cewa nan garin jinya ne, asibitin da ya rage ya rufe — me kuma ya saura a Bad Solmede? Agwagin tafki da mu tsofaffi.

Tumaki ne suka gano marmaron, in ji kakana, suna lasar dutse. Sai wani yarima mai ciwon gwiwa ya zo ya jiƙa ƙafa, ya gina ɗakin nan mai ginshiƙai takwas. Bayan yaƙi, sojoji masu ƙafa ɗaya a layi, uwata tana miƙa musu kofi… ba wanda bai yamutsa fuska ba.

Hanyar nan da suka haƙa ta bayan tudun da ruwan ke fitowa — sai da na ce kada a taɓa tudun. "Kai dai Haberkorn, kullum gobe duniya za ta tashi," in ji magajiyar gari, har da dariyarta. In je mata yanzu? In ce me?

Ga tsohuwar nan mai sanda, Pohlmann, da take jinyar ƙugu. Ta kurɓa. Bakinta nake kallo.

"Kai, Malam Haberkorn, ruwan nan naku ko Shaiɗan ba ya neman ƙari!"

Ta yamutsa… ko sabo ne? Kullum haka take cewa.

Lahadi, gidan 'yarmu Gesine, miyar dankali. Na barbaɗa gishiri, na ƙara, na ƙara. "Baba, kashe kanka za ka yi?" Burodin safe ma kamar ina tauna takarda — tun yaushe?

In ruwan ne, gari ya mutu. In harshena ne, makullin nan zan miƙa wa wani, in koma benci ina jefa wa agwagi burodi.

Na ajiye kofin. Allah Ya sa ruwan ne…

Ni na faɗi haka? Ni, Irmtraud?